Ganyen Da Ke Kashe Zogi: Tsakanin Tukunyar Jiƙo Da Ɗakin Gwaji

Idan kaka ta yi a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, jikin mutane ne ke fara sanarwa kafin rumbu ya cika. Mutum ya wuni a sunkuye yana yankan gero ko cirar gyaɗa, ya ɗaga dami ya ɗora a amalanke, ya dawo gida da magariba ƙugu kamar an ɗaure shi da igiya. Matar da ta yi sussuka ita ma kafaɗunta sun riƙe. A irin wannan daren hanya biyu ce a gaban maigida. Ko ya aiki yaro kyamis a haɗo masa na ciwon jiki, ƙwayoyi uku ko huɗu masu launi daban-daban a ƙulle a leda, ba suna ba takarda, ko kuma a ɗora tukunya.

Na sha ganin yadda ake ɗora ta. Tsohuwar gida takan fita bayan gari tun da sauran rana, ta karyo rassan sabara masu ganyen nan toka-toka, ta haɗa da darbejiya ko ganyen tsamiya. Ruwa ya yi ta tafasa har ya koma launin shayin da ya ji wuta, warin ɗaci ya cika tsakar gida. Ta ɗebi kofi guda ta ajiye ya huce, na sha ke nan. Sauran ta juye a roba, ta tsoma tsumma ta matse, ta danna a ƙugun mai ciwo, ta ɗaga, ta sake tsomawa. Yana cije baki gumi na keto masa, tana ce masa ya daure. Kafin a gama kwashe tuwo barci ya ɗauke shi. Da safe idan aka gaishe shi da jiki, abin da zai ce shi ne jiki ya saki, alhamdu lillahi.

Me ya sakar masa jikin? Zafin ruwan ne, ko dannawar hannun uwa, ko barcin da ya samu, ko wani abu da ke cikin ganyen? Duka huɗun suna iya aiki tare. Raba su, a gane rabon kowanne, shi ne aikin da masana haɗa magunguna a jami'o'inmu suka shafe shekaru suna yi, kuma abin da suka gano ya cancanci ya dawo kunnen mutanen da aka ɗebi ganyen a gonakinsu.

Sanin ganye tsoho ne a ƙasar Hausa, kuma ba a baki kaɗai ya zauna ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar ƙananan littattafai na Larabci kan magani, har da na ciwon basir. Wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, da ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban kundinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yau sunan kimiyya na itacen hano, Boswellia dalzielii, sunansa yake ɗauke da shi. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma Nina Etkin da Paul Ross daga Amurka suka zauna a wani ƙauye kudu maso gabashin Kano, suka rubuta ɗaruruwan tsirran da mutane ke magani da su, suka lura da abin da kowace uwa ta riga ta sani: da yawa daga cikinsu abinci ne a miya, magani ne a jiƙo. Wannan sani kuma ba a tsaye yake ba. Darbejiyar da yau ake ɗauka kamar da ita aka halicci garuruwanmu baƙuwa ce daga Indiya, ta shigo ta Borno wajen 1928, masu magani suka gwada ta suka karɓe ta.

Kafin a fahimci abin da ganye ke yi, sai an san abin da jiki ke yi wa kansa. Idan nama ya ji rauni, ko targaɗe ne ko maruru ko gajiyar tsoka, wurin yakan saki wasu sinadarai da ke buɗe ƙananan hanyoyin jini. Ruwa ya tsattsafo ya taru, wurin ya kumbura, ya yi zafi. Daga cikin sinadaran akwai wani dangi da ake kira firostagilandin, wanda aikinsa shi ne ya sa jijiyoyin jin ciwo su zama a shirye, ta yadda ɗan taɓi ma sai mutum ya zabura. A 1971 wani masani a Landan, John Vane, ya gano cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana jiki ƙera wannan sinadari, abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1982. Ibufurofen da daikulofenak da firoksikam, waɗanda su ne yawanci ke cikin ledar kyamis, duk ta wannan ƙofa suke bi. Mofin da kodin da taramadol kuwa ba ruwansu da kumburin, can cikin ƙwaƙwalwa da laka suke rage ƙarar saƙon ciwo.

Shi kansa asfirin ɗan itace ne. A 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya ba da rahoton yadda ya yi maganin zazzaɓi da sassaƙen wani itacen bakin rafi da suke kira wilo. Sai bayan shekara 134, a 1897, Felix Hoffmann na kamfanin Bayer a Jamus ya haɗa nau'in da ake sha a yau. Ɗan'uwan wannan sinadari yana nan a dajinmu. Duk wanda ya taɓa tono saiwar sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna, ya san tana warin man zafi. Ba kama ce kawai ba, sinadarin ɗaya ne da wanda ake zubawa a man shafawar da ake sayarwa a kanti. Magani a gonar yaro ke nan.

Yadda ake tambayar ɓera

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja, hanyar kusan iri ɗaya ce. Ɗalibi ya samo ganye, galibi bayan ya ji labarinsa a bakin wani mai magani ko a gidansu. Ya kai ma'ajiyar busassun tsirrai a tabbatar masa da sunan kimiyyarsa, don suna ɗaya na Hausa kan hau itace biyu. Ya shanya a inuwa, ya daka, ya jiƙa garin a wani ruwan sinadari mai suna metanol kamar kwana uku, ya tace, ya busar. Abin da zai rage a ƙasan kwano wani baƙin abu ne mai danƙo kamar maɗi, shi ne tataccen ganyen.

Da farko akan gwada gubarsa, a ga yawan da ɓera zai iya ɗauka bai mutu ba. Sannan a raba fararen ɓeraye gida-gida, biyar ko shida a kowane gida. Gida ɗaya a ba su ruwan gishiri kawai, gida ɗaya a ba su maganin asibiti da aka san ƙarfinsa, sauran a ba su tataccen ganye a awo uku, ƙarami da matsakaici da babba. Bayan wani ɗan lokaci a yi wa kowane ɓera allurar ruwan tsami mai rauni a ciki. Ba abin daɗin kallo ba ne. Ɓeran zai riƙa murɗawa, yana jan cikinsa a ƙasa, yana miƙe ƙafafun baya. Ɗalibin yana zaune da agogo da biro, duk murɗawa ɗaya ya ja layi ɗaya. Idan na ruwan gishiri sun yi murɗawa da yawa, na ganye suka yi kaɗan, sai a ce ganyen ya rage ciwo.

Na kumburi kuwa a tafin ƙafa ake yinsa. A tsira wa ɓera ɗigon karajinan, wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, ƙafar ta fara hawa, a riƙa auna kaurinta kowace awa har awa huɗu ko biyar. Charles Winter da abokan aikinsa ne suka fito da wannan gwaji a Amurka a 1962, kuma har gobe ana amfani da shi. Akwai na faranti mai ɗumi, inda ake ƙirga daƙiƙun da ɓera zai yi kafin ya lashi ƙafarsa ko ya yi tsalle, wanda ke nuna ko maganin yana aiki ta ƙwaƙwalwa irin na mofin.

Ta waɗannan hanyoyi an gwada itatuwanmu da dama: sabara, marke, kalgo, zogale, darbejiya, gwandar daji, kurna, hano. Sau da yawa sakamakon yakan nuna raguwar ciwo da kumburi a jikin ɓera. A ganyen sabara an samu sinadarai masu bauri irin na bagaruwa, da wasu masu ɗaci da ake kira alkaloyid. Dangin hano na Indiya kuwa har an kai ga gwada ƙaronsa a kan mutane masu ciwon gwiwa. Saboda haka wanda ya ce tukunyar tsohuwa ruwan banza ce bai yi mata adalci ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ɓera ya ba da shaidarsa.

Sai dai shaidar ɓera tana da iyaka, kuma a nan ne nake ganin ake yi wa jama'a rowar gaskiya. Gwajin murɗawar nan yana da saurin yarda. Abin da ke sa barci ko ya saki tsoka shi ma yakan rage murɗawar, ko da bai taɓa ciwon ba. Ciwon da aka ƙirƙira na rabin awa a cikin ɓera ba ɗaya yake da sanyin ƙashin da ya shekara goma a gwiwar dattijo ba. Ɗalibi da metanol ya tace, tsohuwa da ruwa ta dafa, kuma abin da wannan ya janyo daga ganye ba lallai shi wancan ya janyo ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga dangin tazargade a farkon shekarun 1970 har ta samu Nobel a 2015, ba ta yi nasara ba sai da ta daina tafasa ganyen, don zafi yana lalata sinadarin.

Sai maganar awo, wadda ita ce zuciyar al'amarin. A ɗauki misali an ba ƙaramin ɓera miligiram 400 a kan kowane kilo na nauyinsa. Ƙa'idar da masana ke bi wajen mayar da wannan ga mutum ita ce a raba da kimanin 12, sai ya zama wajen miligiram 33 a kowane kilo. Ga mutum mai kilo 60, kusan giram 2 ke nan na tataccen maganin. Idan a ce kashi ɗaya cikin goma na busasshen ganye ne ke zama tatacce, ana maganar giram 20 na gari. To, kofin da aka ɗiba daga tukunya ya kai haka, ko ya ninka, ko ko kusa bai je ba? Ganyen damina da na rani ƙarfinsu ɗaya ne? Na jigawa da na fadama fa? Je ka rumfar mai magani ranar kasuwa ka saurara. Mai saye zai ce, "Baba, yaya zan sha?" Amsar da aka saba ji ita ce, "Ɗan daidai, ɗana, safe da yamma." Baban ba ha'inci yake yi ba, iyakar ma'aunin da ya gada ke nan: tafin hannu, yatsa uku, ludayi. Wanda ke da sikelin da zai taimaka masa shi ne ɗalibin nan, shi kuwa da ya kare kundinsa ya karɓi digiri, kundin ya hau kanta, labarin bai sake komawa ƙauyen ba.

Darasin tafashiya

Wani abu ya faru a maƙwabtanmu da ya kamata duk mai sha'awar wannan fanni ya sani. A 2013 wasu masana ƙarƙashin Michel De Waard na Giranobul a Faransa suka ba da sanarwar da ta girgiza masu ilimin magunguna. Sun ce sun samu taramadol a saiwar tafashiya da aka tono a arewacin Kamaru, itacen da mutanen can ke maganin ciwo da zazzaɓi da shi kamar yadda ake yi a nan. Taramadol kuwa ƙirar kamfanin Grünenthal ne na Jamus tun 1962. Aka yi ta mamaki, ashe itace ya riga ɗan'adam.

Shekara guda bayan haka Michael Spiteller na Dotmund a Jamus da abokan aikinsa suka bi sawu. Suka tarar da taramadol a saiwar tafashiyar arewa mai nisa, amma babu shi a ta kudancin Kamaru. Suka same shi a ƙasar wurin, da ruwa, da saiwar wasu itatuwan da ba su da dangantaka da tafashiya. Bayanin da suka samu shi ne manoma suna sha, suna kuma ɗura wa shanun huɗa don kada su gaji a rana. Fitsari da kashin dabbobin ya shiga ƙasa, saiwa ta zuƙa. Masu binciken farko ba su sauko nan da nan ba, amma gwajin da aka ƙara yi daga baya ya nuna sinadarin na masana'anta ne. Tafashiya tana da nata sinadaran, ba a ce ba ta da amfani ba. Abin da labarin ya tona shi ne yawan ƙwayar da talaka ke haɗiya don ya iya aikin ƙarfi, har ta kai ƙasa ta ɗauka. Mu ma ba mu tsira ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan irin su taramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba.

Ledar kyamis ma tana da nata haƙoran. Firostagilandin ɗin da take hanawa shi ne kuma ke kare bangon ciki daga tsamin da ke narka abinci, shi ke taimaka wa jini ya isa ƙoda. Manomin da ya haɗiyi iri biyu ko uku na dangi ɗaya a lokaci guda, cikinsa ba komai, jikinsa a bushe bayan wunin rana, yana buɗe wa gyambon ciki da ciwon ƙoda ƙofa. Mutanen Jigawa ba sa buƙatar a fassara musu ciwon ƙoda. Ƙasar Haɗeja da maƙwabciyarta Gashuwa sun daɗe suna kuka da shi, masana na ta binciken musabbabinsa.

Amma kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Maganar da masu lasifika ke yaɗawa a kasuwa, cewa na itace ba ya cutarwa tunda daga Allah yake, ba gaskiya ba ce, kuma tsofaffin masu magani sun fi kowa sanin haka. Sun san ruwan tumfafiya ba ya shiri da ido, sun san ƙwallon zurma guba ne, sun san saiwar sanyar nan idan ta wuce kima tana kisa. A arewacin Indiya an gano cewa 'ya'yan rai-ɗore ne ke kashe yaran da ke cinsu ta hanyar lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai yin ɓarna a ɓoye. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam suka samu lalacewar ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro na dangin Aristolochia, wasunsu daga baya suka kamu da kansar mafitsara. Duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa ake kuma sha don ciwon ciki, ɗan wannan dangi ne. Irin wannan illa takan ɗauki watanni ko shekaru kafin ta bayyana, don haka mai bayarwa da mai sha ba wanda zai danganta ta da jiƙon bara. Gwajin gubar kwana ɗaya a kan ɓera ma ba zai kama ta ba.

Lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da ake nunawa a jikin kwalba ita ma a fahimce ta. Ga yawancin magungunan gargajiya, hukumar takan ba da izinin wucin gadi ne bayan ta duba tsafta da guba, kuma takan wajabta a rubuta a jikin kwalin cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Shin ana iya wuce ɓera a ƙasar nan? An taɓa yi. Maganin sikila da aka sani da Niprisan ya samo asali ne daga haɗin wani mai maganin gargajiya na ƙasar Yarbawa, Rabaran Paul Ogunyale. Kayan haɗin har da waɗanda ke kowace kasuwarmu: masoro, kanumfari da karan dafi, sai wani jan itace na kudu. Cibiyar NIPRD ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe ta ƙulla yarjejeniya da shi, aka sa sunansa cikin masu haƙƙin mallaka. Aka gwada a kan masu sikila 82, ana ba su maganin a wani zango, a wani zangon a ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da su ko likitan sun san wanne ne wanne ba. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna raguwar tashin ciwon. A 2006 aka fara sayar da shi da sunan Nicosan, kafin kamfanin da ya karɓi aikin ya durƙushe, maganin ya yi wuyar samu. Ko da wannan tuntuɓen, an ga hanya: an girmama mai sani, an auna, an gwada a kan mutane.

Abin da ke sa nake kallon kudancin Jigawa shi ne kayan aikin duk suna kusa da juna. Birnin Kudu tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya. Dutse, inda aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ba nisa. Daga Sundimina zuwa Fagam da Basirka akwai sauran daji mai duwatsu, akwai maɗora da ungozomomi da wanzamai da Fulani makiyaya waɗanda suka san kowane ganye da lokacin tsinkarsa. Ba sai an fara da gagarumin aiki ba. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi mara lafiya, "Inna, me kika sha a gida kafin ki zo?" cikin murya da ba za ta sa ta ɓoye ba, a rubuta amsar a kati. A zaɓi ganye biyu ko uku da aka fi amfani da su, a dafa su yadda ake dafawa a gida, a auna abin da ke cikin kofin. A duba hanta da ƙodar dabba bayan wata uku tana sha, ba kwana ɗaya ba. Wanda ya tsallake, a gwada shi a kan masu ciwon gwiwa da suka amince, a gefen maganin asibiti. Na shafawa da na gashi su suka fi sauƙin farawa, tunda haɗarinsu bai kai na sha ba. Sannan a fassara sakamakon da Hausa a karanta a rediyo, a kuma koma wurin dattijon da ya ba da sunan ganyen a gaya masa abin da aka gani, mai daɗi ko marar daɗi.

Lokaci kuma ba ya jira. Marke da ƙirya suna tafiya a buhunan gawayi, maɗaci da hano ana sassaƙe su zagaye har su bushe a tsaye. Ganye ya fi sassaƙe da saiwa rangwame, tunda ana tsinkarsa itacen ya rayu. Sabara kuwa mai taurin rai ce, ko an sare ta sai ta tofo. A ƙasar Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon sabara da kalgo a gona suna gyara shi maimakon ƙonewa, abin da suke kira sassaben zamani, har gonakin da suka zama fili suka sake yin itace. A gonakin Gwaram ma kututturan suna nan a ƙarƙashin ƙasa, kowace bazara suna fitar da sabon ganye kafin a zo sharar gona.